Tocila a Duhun Dalbejiya: Wa Ya Ce a Tsaya?

Bayan sallar isha'i titunan Tsohuwar GRA a Maiduguri sukan yi wani irin tsit da ba a samu a Gwange ko Bulunkutu. Katangu ne dogaye da ƙofofin ƙarfe, sai maigadi a kan benci da rediyonsa a kunne. Itatuwan dalbejiya, waɗanda Turawa suka fara dasawa a Borno a ƙarshen shekarun 1920, sun yi wa kwalta rumfa, har ta kai ko inda fitilar sola ke aiki haskenta a ganye yake maƙalewa, ƙasa ta zauna dishi-dishi. A irin wannan lokacin ne magidancin da ya taso daga shago, ko daga jinyar ɗan'uwa a asibitin koyarwa, yake hango mota a fake a gindin bishiya. Fitilunta a kashe, ba rubutu a jikinta, lambarta a rufe ko babu ita sam. Sai tocila ta dallare masa ido, ta yi sama ta yi ƙasa.

Daƙiƙa uku ko huɗu gare shi ya yanke shawara, ga matarsa a gefe ta riga ta fara salati. Ya taka birki ne, ko ya taka totur?

Idan ya tsaya, sau da yawa jami'ai ne na gaskiya. Ɗaya zai leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, ina za ka da wannan gudu haka? Tun daga can muke haska ka." Shi kuma ya ce, "Wallahi, yallaɓai, ban gane ku ba ne." Jami'in kan ɗauki wannan amsa a matsayin hanzarin mai laifi. Alhali kuwa gaskiya mutumin ya faɗa, kuma gaskiyar da ta fi ƙarfin su biyun, domin ba a ba shi abin da zai gane su da shi ba.

Kafin a je ga wannan, dole a faɗi abin da direbobi ba sa son ji: ana gudun ganganci a GRA, kuma gudun yana kisa. An shata unguwar ne tun zamanin mulkin mallaka don 'yan tsirarun ma'aikata, da tituna masu faɗi, miƙaƙƙu, marasa cunkoson kasuwa. Yau ita ce matattarar gidan gwamnati, da otal-otal, da makarantun kuɗi, da ofisoshin ƙungiyoyin agaji da suka cika ta da fararen motoci tun da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari. Mai tuƙin da ya sha matsi a Post Office ko Monday Market, da zarar ya shigo Circular Road ko ya hau hanyar Damboa, sai ƙafarsa ta yi nauyi. Ga samarin gidajen masu hali da ke karɓar makulli kafin su karɓi lasisi, ga wasan mota a ranar ɗaurin aure. A kan wannan kwaltar ce kuma mai keke Napep ke juyawa ba sigina, almajiri ke tsallakawa da robarsa, ɗan firamare ke sakin hannun yayarsa.

Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ce kilomita 50 a sa'a ne iyakar gudu a cikin gari. Lambar ba ta zo da ka ba. Motar da ke kan 50 tana cin mita kusan 14 a kowace daƙiƙa, wadda ke kan 100 kuwa mita 28, wato kafin ƙafar direba ta bar totur ta isa birki ya riga ya wuce ƙofar gida biyu. Tazarar da birki ke buƙata kuma ba ninki biyu take yi ba idan gudu ya ninka, ninki huɗu take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa idan mota ta buge mai tafiya a ƙasa tana kan 65 maimakon 50, yiwuwar mutuwarsa na ƙaruwa sau huɗu da rabi. Rahotonta na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. A nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a Fabrairun 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, shekara da shekaru tana sanya gudun wuce kima a sahun farko na musabbabin haɗurra. Shi ya sa daga 1 ga Fabrairun 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu.

Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a bar mai gudu ya ci karensa ba babbaka. Tambayar ita ce wa zai tsayar da shi, a cikin wace mota, kuma a ƙarƙashin wane haske.

Masu goyon bayan ɓuya suna da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Sun ce direba in ya hango motar hukuma da fentinta sai ya nutsu, da ya wuce ta ya koma gidan jiya. Amma in bai san wace mota ce ta jami'ai ba, zai ɗauki kowace mota a matsayin tasu, ya shiga taitayinsa ko'ina. A Ingila da Amurka ana amfani da motocin da ba su da tambari a kan wannan tunani. Sai dai masu kawo misalin sukan manta da sauran rabinsa. A Ingila, dokar hanya ta 1988 ta ɗora wa direba wajibcin tsayawa ne ga ɗan sandan da ke sanye da kaki. Motar na iya zama ta gama-gari, mutumin da ke cikinta dole a gan shi a kayan aiki, kuma motar na da shuɗiyar fitila da jiniya da take kunnawa a lokacin tsayarwa. Duk da haka amanar ta taɓa karyewa. A Maris ɗin 2021 wani ɗan sandan birnin Landan, Wayne Couzens, ya yi amfani da katin aikinsa da motar haya ya yi wa Sarah Everard kamun ƙarya, ya kashe ta. Bayan nan sai da rundunar ta fito da hanyar da mace za ta tabbatar da jami'in da ya tare ta shi kaɗai cikin kayan gida. Wannan a garin da bai saba ganin shingen bogi a babbar hanya ba ke nan.

Maiduguri kuwa ta gani, kuma ba ta manta ba.

Ranar 11 ga Yunin 2009, jami'an rundunar haɗin gwiwa ta Operation Flush suka tare mabiyan Mohammed Yusuf, jagoran ƙungiyar Boko Haram, da ke kan babura a hanyarsu ta zuwa maƙabarta. Maganar hular kwano ce, wadda aka fara tilasta sanyawa a farkon wannan shekarar. Gardama ta kai ga harbi, mutum 17 suka jikkata. Ba wannan ne ya haifi aƙidar ƙungiyar ba, ba kuma ya wanke ko ɗigo ɗaya na jinin da ta zubar daga baya. Wutar ta daɗe tana ci a ƙarƙashin toka. Amma kusan makonni bakwai bayan wannan tsayarwa garin ya kama da yaƙi, aka kashe Yusuf a hannun 'yan sanda ranar 30 ga Yuli, kuma duk wanda ya rubuta tarihin rikicin sai ya bi ta kan wannan rana. Da wuya a sami wani gari a duniya da ya biya farashin tsayar da abin hawa da aka yi ba bisa hikima ba kamar Maiduguri.

Sai kuma ɗaya fuskar. Ranar 17 ga Satumbar 2013, 'yan bindiga sanye da kakin soja suka kafa shinge a Benisheikh, kimanin kilomita 70 daga Maiduguri a kan hanyar Damaturu. Direbobi suka tsaya, domin abin da aka koya musu ke nan: in ka ga kaki, ka tsaya. Fiye da mutum 140 aka kashe. Tun daga lokacin, matafiyin Borno na ɗauke da darussa biyu masu karo da juna a ƙirjinsa. Ƙin tsayawa na iya jawo masa harsashin jami'i, tsayawa kuma na iya miƙa shi ga wanda ya yi sojan gona. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura, kuma mota marar lamba a cikin duhu ta fi tsumma kama da maciji.

Akwai wata ɗabi'a da shekarun dokar ta-ɓaci suka bar wa direbobin garin, wadda baƙo kan yi mamakinta. Da an doshi shinge da dare, hannu da kansa yake zuwa: a rage fitilar gaba don kada ta kashe wa soja ido, a kunna ta ciki don ya ga fuskokin da ke motar, a sauke gilashi, a kashe rediyo. Yaran da aka haifa bayan Mayun 2013 sun taso suna ganin iyayensu na yin haka kamar yadda suke ganin alwala. Jama'a sun amince, ba tare da an rubuta a ko'ina ba, cewa mai bindiga na da haƙƙin ganin wanda ke tunkararsa, domin shi ma ɗan wani ne, kuma an sha tayar da bam a bakin shinge. Sun haƙura da hana hawa babur da aka yi a Yulin 2011, sun haƙura da yanke layukan waya, sun ba da 'ya'yansu suka zama kato-da-gora. To mutanen da suka yarda su haska fuskarsu don jami'i ya gan su, ba su roƙi abu mai yawa ba idan suka ce shi ma ya haska tasa.

Doka ma tana tare da su. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Satumbar shekarar, ta ce jami'in da zai tsayar da mutum ya bincike shi sai ya kasance cikin kaki ko ya rataya katin shaidarsa a inda za a gani, ya faɗi sunansa da ofishin da yake aiki, da abin da yake nema, da dalilin zarginsa. Ta kuma ce shigar mutum ko askinsa ko shekarunsa ba su isa dalili ba. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 4 ga Oktoba, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya haramta wa SARS, rundunar yaƙi da 'yan fashi, da sauran rundunoni na musamman yin sintiri da kafa shinge da binciken ababen hawa, ya kuma hana fita aiki cikin kayan gida. Mako guda bayan nan aka rushe SARS ɗin baki ɗaya. Abin lura a tarihinta shi ne, da aka kafa ta a Legas a 1992, kayan gida da motoci marasa tambari su ne makaminta na gaskiya: ana so ɗan fashi ya kasa bambance ta da sauran jama'a. Dabarar ta yi aiki muddin tana farautar 'yan fashi. Ranar da ta fito titi ta fara tare matasa tana duba wayoyinsu, sai jama'a suka kasa bambance ta da 'yan fashin.

Gwamnonin Arewa, ta bakin shugabansu na lokacin Simon Lalong, sun ce SARS ta yi musu amfani a yaƙi da ta'addanci, kuma mutane da dama a Borno sun ga gaskiyar hakan. Ba a musa ba. Mai bin sawun ɗan ƙunar baƙin wake ko mai safarar makamai ba zai je da jiniya ba, kuma garin da ya ga harin barikin Giwa a Maris ɗin 2014, a maƙwabtan GRA ɗin nan, ya fi kowa sanin darajar jami'in da ba a gane shi. Amma aikin sirri daban, aikin hanya daban. Na farko yana neman wani takamaiman mutum da aka riga aka tara bayanai a kansa. Na biyu yana hulɗa da duk wanda Allah ya kawo: malamar jinya da ta tashi daga aikin dare, ɗan kasuwa da cinikin yini a aljihu, uba da yaro mai zazzaɓi a kujerar baya.

Wanda ke ganin ɓuyar tana kare jami'i ya tuna da 6 ga Agustan 2019. A ranar, 'yan sandan rundunar leƙen asiri ta IRT suka kama Hamisu Bala Wadume, wanda ake zargi da garkuwa da mutane, a Ibi ta jihar Taraba, suka sa shi a wata farar bas marar tambari. Sojojin bataliya ta 93 da ke Takum suka bi su suka buɗe wuta, 'yan sanda uku suka mutu tare da fararen hula, wanda aka kama ya tsere, sai bayan mako biyu aka sake cafke shi a Kano. Rundunar soja ta ce an kawo mata rahoton masu garkuwa sun ɗauke mutum. 'Yan sanda suka ƙaryata, kuma shari'a ta biyo baya. Ko wanne ɓangare mutum ya gaskata, abu ɗaya ya fito fili: rashin alama a jikin motar shi ya ba da ƙofar cewa ba a gane su ba. A Maiduguri, inda soja da ɗan sanda da Sibil Difens da kato-da-gora da mafarauta duk ke yawo da makami, yawancinsu a Hilux iri ɗaya, wannan ƙofar a buɗe take kowane dare.

Sannan akwai tambayar da ba a cika yi ba a bakin titi, don mai yin ta na iya kwana a ofis: da me aka auna gudun? Ido ba ya gane bambancin 50 da 65, balle idon da ke cikin duhu yana kallon fitilar da ke tunkararsa. Inda babu na'urar auna gudu, zargin ya zama maganar wani a kan ta wani, kuma maganar da ba ta da shaida ba ta zuwa kotu, a aljihu take ƙarewa. Jadawalin dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ya sa tarar gudun wuce ƙa'ida a kan naira 3,000, ana rubuta takarda a biya ta asusun gwamnati. Motar da ba ta da lamba ba ta ba da takarda, kuma wanda aka karɓi na goro a hannunsa ba shi da abin da zai kai wa sashen karɓar ƙorafi da rundunar 'yan sanda ta buɗe a 2015, domin tambayar farko da za a yi masa ita ce lambar motar da sunan jami'in. Gwamna Babagana Umara Zulum da kansa ya tsaya a shingen Njimtilo a Janairun 2020 ya zargi jami'an tsaro, a gaban kyamara, da karɓar kuɗi daga matafiyan da ba su da katin ɗan ƙasa. Wannan da rana tsaka ne, a shingen da kowa ya sani, a hannun masu kaki. Abin da zai iya faruwa a lungun da ba fitila, kowa ya ƙiyasta.

Abin ya fi ciwo idan aka dubi waɗanda suka fi kowa gudu a unguwar. Ba mai keke ba ne. Ayarin motocin manya ne, da baƙin gilashi da lamba a lulluɓe, da wata Hilux a gaba tana kore mutane gefe. Tun 1991 akwai dokar hana baƙin gilashi sai da izini, kuma a 2025 sabon tsarin ba da izinin ya kai rundunar 'yan sanda da ƙungiyar lauyoyi gaban alƙali. Talaka ake ɓare wa leda a gilashi a bakin shataletale, a daidai lokacin da motar da ba a ganin ko inuwar direbanta ke wucewa ana sara mata. Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ASUU, a irin wannan gudun ya rasu a Nuwamban 2013, lokacin da mota daga ayarin gwamnan Kogi ta yi karo da tasu a kusa da Lokoja. Saurayin da ya taso yana kallon haka ya riga ya koyi cewa rufe lamba alamar isa ce, kuma ɓarawo ma ya koya.

Maganin gudun GRA bai kai tsadar da ake zato ba, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar kowa ya laɓe. Jihar da ta gina gadar sama ta Kwastam, wadda aka buɗe a Disambar 2021, ta kuma kafa hukumarta ta kula da zirga-zirga, BOTMA, ba za ta gaza kafa allunan iyakar gudu da tudun rage gudu masu fenti a gaban makarantu ba, da sassabe rassan da suka toshe fitilun titi. Legas ta fara kama masu gudu da kyamarar da ke karanta lamba ta aika wa mai mota saƙon tara a waya, ba wanda ya tare wani, ba wanda ya yi ciniki. Kafin a kai can, mota ɗaya mai fenti da fitila mai walƙiya, a tsaye a fili kusa da gidan zu na Sanda Kyarimi, da na'urar auna gudu a hannun jami'in da sunansa ke ƙirjinsa, za ta rage gudun kowa da ke bin titin. Gaskiya ne wasu za su ƙara wuta bayan sun wuce ta. Amma manufar ai ba yawan kamu ba ce, manufar ita ce yaron da ke tsallakawa a daidai wurin ya isa ɗaya gefen. Motar da ta ɓuya sai gudun ya riga ya faru take fitowa, sau da yawa ma ta bi mai gudun da nata gudun, motoci biyu ke nan a guje a titin da ɗaya ta yi masa yawa.

Saura abu ɗaya da yake hannun kwamishinan 'yan sandan jiha da kwamandojin sauran rundunoni, wanda ba ya cin ko kwabo. A wasu ƙasashe ana shawartar direban da motar da bai gane ba ta tare shi da ya rage gudu, ya kunna fitilun gargaɗi, ya lallaɓa zuwa wuri mai haske da jama'a, gidan mai ko ƙofar ofishin 'yan sanda, sannan ya tsaya. Shawara ce mai kyau, amma a Maiduguri ta yau wanda ya bi ta da kansa yana wasa da ransa, domin jami'in da ke bayansa zai ɗauka gudu yake yi. Ba za ta yi aiki ba sai an mayar da ita umarni: a karanta wa jami'ai a faretin safe, a sanar a BRTV da sauran gidajen rediyo da Kanuri da Hausa da Shuwa, cewa tsayar da mota kan laifin hanya aikin mota mai tambari da fitila ne, kuma duk wanda wata mota ta daban ta haska, yana da izinin tafiya a hankali zuwa haske mafi kusa ba tare da an ɗaga masa bindiga ba.